Kwana 41 da mu'amala a buɗe: abin da ya daskarar da rumbun bayanan wani kantin sari a Garwa

Kantin na sari ne, ba nisa da babbar kasuwar Garwa. Shinkafa, sukari, man girki, madarar gwangwani, taliya, sabulu. Yawancin kayan a Ngaundere suke sauka daga jirgin ƙasa, inda layin dogo ya ƙare, sannan tireloli su hauro da su arewa. Akwai reshe a Marwa, kimanin kilomita 200 daga nan, kuma a can akantan gidan yake zaune. Ni na haɗa masu tsarin kwamfuta shekara biyu da suka wuce, saboda haka gara in faɗa tun yanzu: laifin da za a gani a ƙasa, kaso mafi tsoka nawa ne.

Tsarin ba wani mai rikitarwa ba ne. Kwamfutoci shida a gaban masu karɓar kuɗi, dukansu suna magana da kwamfuta guda da ke riƙe da rumbun bayanai, wadda muke kira saba. Tana cikin wani ɗan ɗaki bayan ofishin Alhaji mai kantin, a kulle. Tsohuwar kwamfutar tebur ce da na ɗora wa Linux, RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da take aiki a ciki) giga 4, faifan ajiyarta irin na da ne mai juyawa, manhajar da ke riƙe rumbun kuma PostgreSQL 13 ce. Tebura biyu ne ke ɗauke da nauyin aikin: teburin kaya, mai layi kusan 9,000, da teburin ciniki, wanda kullum ƙaruwa yake.

Saura mako biyu azumi Alhaji ya kira ni bayan magariba.

"Injiniya, na'urarka ta tsufa. Yaro zai buga sunan kaya, sai ya gama shan shayinsa kafin ta amsa."

Har an riga an kawo masa takardar farashin sabuwar saba, sefa miliyan biyu da 'yan kai. Abin da yake so daga wurina kawai in ce a saya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu. In ta kama a saya, ni da bakina zan faɗa."

Washegari da hantsi na tsaya a bayan ɗaya daga cikin masu karɓar kuɗin da agogon wayata a hannu. Ya buga "suka" yana neman sukari. Daƙiƙa 11 kafin jerin ya fito. A gabansa wata Hajiya ce da ta zo sarin kayan azumi daga Pitowa, mai babur ɗinta yana waje yana ta danna oda. Kaya tara ne a takardarta, kowanne sai an nema. Yaron ya juyo ya ce mini, "Malam, haka muke fama. Da farko ɗan jinkiri ne kawai, kullum sai ya ƙaru." Wannan magana ta "kullum sai ya ƙaru" na ji ta, amma ban ba ta muhimmancin da ya kamata ba sai da rana ta yi.

Kowa a kantin da nasa fassarar. Alhaji ya ce tsufa. Yaran suka ce bairas. Mai gadi ya ce zafi ne, kuma ba a raina maganarsa ba, don a wannan lokaci na shekara zafin Garwa kan haura digiri 40, ɗakin kuma ko taga babu. Na fara da ita don ita ce mafi sauƙi. Na buɗe murfin kwamfutar tana aiki, na tarar da ƙurar hunturun bana ta yi dam a kan fanka, na share abin da zan iya. Na tambayi faifan lafiyarsa da smartctl, bai nuna wata cuta ba. Babu abin da ya sauya. Da na kunna top, injin sarrafawa ba aiki yake ba, jira yake. Da na kunna iostat, sai ga faifan yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, karatu yake ba ji ba gani.

A nan ne mai sayar da saba yake da gaskiya rabi. Faifan ya gaji, haka ne. Tambayar ita ce, me yake karantawa haka a kantin da duka kayansa layi 9,000 ne?

Akwai wani abu da ban yi ba, wanda daga baya na gane shi ya cece ni. Kayan aikin da na fi so wajen gano tambayoyin da ke cin lokaci shi ne pg_stat_statements, to amma ban sa shi ba lokacin da na kafa rumbun, kuma sa shi yana bukatar a kashe PostgreSQL a sake kunnawa. Da tsakar rana, kanti cike, ba zan yi ba. Sai na koma ga log_min_duration_statement, wanda ake iya sauyawa ba tare da kashe komai ba. Na sa shi a 1000, wato duk tambayar da ta wuce daƙiƙa ɗaya a rubuta ta a kundi. Da a ce na kashe na kunna a lokacin, da na binne shaidar da hannuna, ciwon kuma ya dawo wata rana ban san sunansa ba.

Cikin rabin awa kundin ya cika da tambayoyi iri biyu: neman kaya da suna, da rahoton cinikin rana wanda manajan kanti yake yawan buɗewa. Na fara da rahoton, don cutarsa a fili take. EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ke bi wajen amsa tambaya, ya nuna yana bin teburin ciniki layi-layi tun daga ranar farko, saboda babu fihirisa a kan kwanan wata, wato jerin da ke kai rumbu ga layin da ake nema kai tsaye. Sakacina ne, amma mai sauƙin gyara. Na buɗe psql, tagar da ake ba PostgreSQL umarni, na ba da umarnin CREATE INDEX CONCURRENTLY, wanda ke gina fihirisa ba tare da ya hana masu karɓar kuɗi rubuta ciniki ba. Aikin da nake sa ran zai ɗauki minti ɗaya ko biyu.

Minti biyar. Goma. Ashirin. Shiru.

Na katse shi, na buɗe wata taga na leƙa pg_stat_activity, wato jerin duk wanda ke haɗe da rumbun da abin da yake yi. Irin wannan gini na fihirisa yana da sharaɗi: sai ya jira duk wata mu'amala da ta riga ta taɓa teburin da rubutu ta kammala. Mu'amala a nan jerin umarni ne da rumbu ke ɗauka a matsayin aiki guda, ba ya tabbata sai an rufe shi. Ke nan akwai wadda ba ta kammala ba. Na jera su bisa xact_start, lokacin da kowace mu'amala ta fara. Na masu karɓar kuɗi duk na daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci. A can sama akwai guda ɗaya, halinta "idle in transaction", ma'ana ta buɗe mu'amala, ta yi rubutu, sannan ta zauna ba ta rufe ba kuma ba ta fasa ba. Ta fara ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kwana 41 da suka wuce. Umarninta na ƙarshe wani UPDATE ne a kan teburin ciniki, kuma ina ganinsa na gane rubutuna.

'Yar manhajar dare ce da na rubuta da Python don tura cinikin kowace rana zuwa Marwa. Tsarinta shi ne: ta yi wa layukan cinikin ranar alamar "an tura", ta aika su ta intanet, in Marwa ta amsa sai ta ce COMMIT, wato ta rufe mu'amalar. Kurakurai biyu na yi a ciki. Na farko, psycopg2, wanda ke haɗa Python da PostgreSQL, da kansa yake buɗe mu'amala daga umarnin farko, ba ya rufewa sai an ce masa ya rufe. Na san haka, amma na bar aiken intanet ya faɗo a tsakiyar mu'amalar. Na biyu, requests, wanda na yi aiken da shi, ba ya da iyakar lokacin jira sai in kai ka sa masa, ni kuwa ban sa ba. A wannan daren layi ya yanke ana tsakiyar magana da Marwa, manhajar ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba har abada. Daren da ya biyo baya wata sabuwa ta tashi, ta ɗauki cinikin tata ranar, ta tura lafiya. Haka kowane dare. Ita kuwa waccan tana nan zaune, ba wanda ya san da ita.

Wanda bai san halin PostgreSQL ba zai ce, to mene ne haɗin wannan da neman sukari? Ai teburin ciniki ta taɓa, ba na kaya ba. A nan gizo ke saƙar, kuma ya cancanci a ɗan tsaya.

PostgreSQL ba ya goge layi ya rubuta sabo a gurbinsa. In ka sauya adadin buhunan shinkafa daga 40 zuwa 38, sabon layi yake rubutawa, ya bar tsohon a wurinsa da alamar cewa ya mutu. Kamar mai kanti ne da ke riƙe littafinsa da biro: ba ya kankarewa, sai dai ya ja layi a kan tsohon lissafi ya rubuta sabo a ƙasa. Hikimar ita ce wanda ya riga ya fara karatu kafin sauyin ya ci gaba da ganin abin da ya fara gani, mai karatu bai tsayar da mai rubutu ba. Matattun layukan nan akwai mai sharar da ke bi yana kwashe su, autovacuum. Amma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya kwashe layin da ya mutu bayan farawar mu'amala mafi tsufa da har yanzu take buɗe da rubutu a hannunta. Kuma dokar ba ta tebur ɗaya ba ce, ta rumbun ce gaba ɗaya. Mu'amalar da ta maƙale a teburin ciniki ta ɗaure hannun mai shara a kowane tebur.

Da teburin kaya mai zaman lafiya ne, da abin bai kai haka ba. To amma akwai kuskure na uku, shi ma nawa. Alhaji ya taɓa asarar katan-katan na madara da lokacinsu ya wuce a sito, sai ya ce yana son ya riƙa ganin kwana nawa ya rage wa kowane kaya. Maimakon in sa a lissafa lokacin da aka tambaya, sai na ƙara gurbi a teburin, na sa wani aiki yana sabunta shi duk awa, a kan duka layukan. Layi 9,000 sau 24 a rana, sau kwana 41. Ku lissafa, ya haura miliyan takwas da dubu ɗari takwas. Da na duba n_dead_tup a pg_stat_user_tables, abin da na gani ke nan, har da ɗoriyar cinikin yau da kullum.

Sai na koma ga tambayar neman kaya, na sa mata EXPLAIN tare da ANALYZE da BUFFERS. Don ta samo layuka huɗu masu "suka" a sunansu, ta ratsa shafi kusan 230,000. Kowane shafi a PostgreSQL kilobait 8 ne, ke nan giga 1.8, a kwamfutar da duka RAM ɗinta giga 4 ne, kuma mutum shida suna yin haka a lokaci guda. Ga kuma mai sharar kansa yana ƙara wa wuta fetur. Bisa tsarin da PostgreSQL ke zuwa da shi, yakan tashi in matattun layuka sun wuce 50 da kashi 20 cikin ɗari na teburin, wato wajen 1,850 a nan. Tunda adadin bai taɓa sauka ba, sai ya zo ya bi teburin, ya kasa kwashe komai, ya tafi, jim kaɗan ya sake dawowa. Shara babu, sai cin faifai.

Abin da ya rage mini ban gane ba shi ne, me ya sa sai yanzu? Manhajar nan shekara biyu tana aiki, layin Marwa kuwa ba yau ya fara yankewa ba. Na kira akanta.

"Malam, akwai ranar da cinikinta bai iso wurinka ba?"

Ya yi dariya. Ya faɗi ranar ba tare da ya duba takarda ba, kuma ita ce. Ya ce, "Ai mun saba, Injiniya. Lokaci-lokaci rana guda takan ɓace. Sai in sa yaro ya ɗauki hoton rasitai ya turo mini ta WhatsApp, in shigar da hannu. Ban ga abin ɗaga maka hankali ba."

Ashe ta sha maƙalewa. Abin da ke kashe ta a da shi ne ɗaukewar wuta. Wutar arewacin nan mafi yawanta daga madatsar Lagdo take, a kan kogin Binuwai, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta. Ɗan batirin da na sa wa sabar ba ya wuce kwata na awa, kafin a tayar da janareta sau da yawa ta riga ta mutu. Duk mutuwar da ta yi, PostgreSQL kan farfaɗo ya soke duk mu'amalar da ba a rufe ba, mai shara ya samu hanya. Sai Alhaji ya gaji, ya sa faranti na sola da manyan batura, mako guda kafin wancan dare. Tun daga ranar sabar ba ta ƙara mutuwa ba. Yaran kuma, ko sun so su kashe su kunna kamar yadda suke yi wa nasu kwamfutocin, ɗakin a kulle yake, kuma ni na ja masu kunne tun farko kada wanda ya taɓa ta. Gyaran wuta ne ya tona asirin ɓarnar da rashin wuta ke rufewa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Bayan isha'i, an rufe kanti, na fara ɗaukar kwafi da pg_dump, na zuba shi a kwamfutata ta hannu na tabbatar yana buɗuwa, don kwafin da ba a gwada ba ban ɗauke shi kwafi ba. Sannan na kashe zaman da ya maƙale da pg_terminate_backend. Ɗan'uwansa pg_cancel_backend ba zai yi ba a nan, shi tambayar da ke gudana yake katsewa, wannan kuwa babu abin da take gudanarwa. Fihirisar da na katse da rana ta bar gawarta a teburin da alamar INVALID. Na cire ta, na sake ginawa, ta gama cikin ƙasa da minti biyu.

Na yi wa teburin kaya VACUUM na yau da kullum, ya kwashe matattun, amma girman fayil ɗin bai motsa ba. Haka yake: shara ta yau da kullum tana buɗe gurabe ne don a sake amfani da su, ba ta rage fayil sai in shafukan ƙarshe ne suka zama fanko, mu kuwa rayayyun layukanmu a can ƙarshen suke. Neman kaya zai ci gaba da ratsa ɗakuna dubu ɗari biyu da babu kowa a ciki. Sai VACUUM FULL, wanda ke sake rubuta teburin daga tushe. Shi yana kulle teburin gaba ɗaya har ya gama, ko karatu ba a yi, shi ya sa ba aikin rana ba ne. Da ya gama, giga 1.8 ya koma wajen mega 2. Na buga "suka". Kafin in ɗaga yatsa jerin ya fito. Psql ya ce milidaƙiƙa 14.

Sauran daren a kan hana ta dawowa ya tafi. Na cire aikin nan na duk awa, kwanakin da suka rage wa kaya yanzu ana lissafa su ne lokacin da aka buɗe shafin, ranar lalacewa a cire ta yau. Na juya manhajar dare: ta karanta, ta rufe mu'amala, ta aika da iyakar jira na daƙiƙa 30, sai Marwa ta amsa sannan ta buɗe wata gajeriya ta sa alama. Kuma ta daina kallon kwanan wata, duk layin da ba a tura ba take ɗauka, ko na yaushe ne. Na ɗaga shared_buffers, kason RAM da PostgreSQL ke ajiye shafuka a ciki, daga mega 128 da yake zuwa da shi zuwa giga 1, rubu'in RAM, na sa pg_stat_statements tunda dama ta samu ta kashewa da kunnawa. Wani abokin aikina a Njamena da na ba labari ta waya ya ce in ƙara fihirisar pg_trgm don neman suna daga tsakiyar kalma. Shawara ce mai kyau ga tebur mai layi miliyan. A layi 9,000 ban ga abin da za ta ƙara ba sai nauyin kula da ita, na bar ta.

Da safe na gaya wa Alhaji ba sai an sayi saba ba. Na ce a sayi faifan SSD guda, don wancan ya sha wahala, a kuma fasa bango a sa wa ɗakin taga da fanka. Na ba shi labarin yadda abin ya faru, ban rage nawa laifin ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, tunda kai ka ɓata kai ka gyara, nawa zan biya ka?" Mun daidaita a kan kuɗin faifai da na babur.

Akwai abu guda da na yi wanda ya dawo ya cije ni. Tun daga PostgreSQL 9.6 akwai idle_in_transaction_session_timeout, wanda ke yanke duk zaman da ya buɗe mu'amala ya yi shiru fiye da lokacin da ka ƙayyade. A kashe yake zuwa. Na kunna shi a minti 10 ga kowa, ina ganin na toshe ƙofar har abada. Kwana na biyu da fara azumi, bayan azahar, waya ta fara ƙara. Manhajar masu karɓar kuɗi ita ma tana riƙe mu'amala a buɗe muddin ana haɗa rasit. Yaro ya shigar da kaya goma sha biyu, aka kira salla, shi da mai sayen suka tafi masallaci tare, suka dawo suka tarar rasit ya ɓace. Mutum uku abin ya samu a rana ɗaya, ɗaya daga cikinsu a gaban wani babban dillali daga Gidar.

Na raba iyakar da ALTER ROLE: minti 2 ga manhajar dare, minti 40 ga masu karɓar kuɗi, wanda ya isa alwala da salla da gaisuwar ƙofar masallaci. Faci ne, na sani. Gyaran gaskiya shi ne manhajar ta riƙe rasit a wurinta har sai an danna "biya", sannan ta buɗe mu'amala ta rufe nan take, kuma wannan yana nufin sake rubuta wani babban sashe nata. Alhaji ya ce kada in taɓa komai sai bayan Salla. Kafin nan, kowace safiya ƙarfe bakwai sabar tana turo mini saƙo mai layi biyu: shekarun mu'amala mafi tsufa, da girman teburin kaya. Na yau ya ce minti 3, mega 2.4.